Ranar da Matata ta Yarda da Gwaggo

Shekarun baya can, ina ɗanyen ango, na ɗauko matata daga Gaya muka nufi Toranke gaida Gwaggo. Ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina ƙarami. A danginmu kuwa duk matar da Gwaggo ba ta karɓa ba ta shiga uku, don haka tun a mota nake addu'ar Allah ya haɗa jininsu.

Gwaggo tana da wani hali. Kowa ya san babu mai hannunta a girki, amma ba ta taɓa ajiye kwano a gaban mutum ba sai ta kushe abin da ke ciki. Mu da muka tashi a gidan mun san aikinmu. Ta ce bai yi ba, mu rantse ya yi, ta ƙara kushewa, mu ƙara rantsuwa, har sai ta ƙoshi ta koma madafi tana murmushi. Ni duk a zatona tsabar tawali'u ne. Na yi wa matata huɗuba a kan durƙuso da mayafi da sunkuyar da kai, amma wannan ko kaɗan bai faɗo mini a rai ba.

Ita kuma matata a gidansu doka ɗaya aka fi riƙewa: in babba ya yi magana ba a musa masa.

Muka isa bayan azahar. Ni da mijin Gwaggo muna kan tabarma a tsakar gida, amarya tana bakin ƙofar ɗaki ta dunƙule cikin mayafi. Sai ga tuwo da miyar taushe, an yanka zabuwa, man shanu sai ƙamshi yake. Gwaggo ta ajiye mana namu, ta kai wa amarya nata, ta ɗan zaga ta dawo ta tsaya a kanta.

"'Yar nan, sai haƙuri fa. Miyar yau gishiri bai ji ba."

"Haka ne, Gwaggo," in ji matata, murya ƙasa-ƙasa.

Lomar da ke bakina ta tsaya. Gwaggo kuwa wataƙila ta ɗauka kunnenta ne, sai ta sake gwadawa.

"Tuwon ma duk gudaji."

"Haka ne, Gwaggo."

Na fara tarin ƙarya ina ƙifta ido, amma wadda nake yi dominta ƙasa take kallo, kamar yadda ni da kaina na koya mata.

"Ni dai yanzu hannuna ya mutu, ban iya komai ba."

"Allah sarki. Ai girma ne, Gwaggo. Allah ya ƙara lafiya."

Wallahi a lokacin na ga aurena yana tangaɗi. Gwaggo ta gyara ɗaurin zani.

"Girma? Ni? Ke 'yar nan, je ki tambaya! Daga nan har Ajingi wane biki aka yi ba a zo an ɗauke ni ba? Daga garin Gafasa ma mota suke turowa! Kabewar nan ni na shuka ta, gyaɗar nan ni na soya na daka. Gudaji? A tuwona? Nuna mini guda ɗaya!"

Idon matata ya kawo ruwa. Ni ko da ake ganin jarumi ne, sai juya miya nake da yatsa.

Mijin Gwaggo ne ya cece mu. Dattijo ne marar yawan magana, amma ranar dariya ta kama shi har sai da ya ajiye hula.

"Ikon Allah," ya ce. "Tun da na aure ki kike cewa ba ki iya ba. Yau Allah ya kawo wadda ta gaskata ki, kuma kin tashi za ki cinye ta."

Gwaggo ta juyo. Ta dube shi, ta dube ni. Can sai kafaɗarta ta fara motsi, dariya ta ƙwace mata, ta zauna daɓas kusa da amarya.

"To faɗa mini tsakaninki da Allah, yaya miyar?"

"Gwaggo, wallahi ko loma ban kai ba. Kunya nake ji."

Nan fa aka sake kwashewa. Gwaggo ta jawo kwanon ta ce ba mai tashi sai an ga ƙarshensa. Matata ta ci tana sharar hawaye, ta kuma suɗe kwanon tas. Da za mu tafi aka cika mata buhu da gyaɗa da kabewa, ni ko aka ce in ɗauka.

Na daɗe ina tuna ranar nan. Ashe kushe kai ba kullum yake zama ƙanƙan da kai ba. Wani lokaci riga-kafi ne, ka zagi kanka da wuri don kada wani ya samu ƙofa. Wani lokaci kuma hanya ce ta sa kowa ya bar abin da yake yi ya zo lallashinka. Mai yi ma sau da yawa bai san yana yi ba, sai ranar da aka ce masa haka ne. Ni kaina yanzu in na ji bakina zai ce "ai ni ban iya ba", nakan tambayi zuciyata ko zan ji daɗi in aka yarda. Yawanci sai in ja bakina in yi shiru.

Gwaggo dai ba ta daina ba, har gobe mu tana kushe mana girkinta muna rantsuwa. Amma matata ta zama 'yar gaban goshinta, kuma ita kaɗai ake yi wa daban. In ta kai mata kwano, dangwarar da shi take yi ta ce, "Ungo, ci. Ya yi daɗi, kuma ni na dafa."