Baba A-hankali, Mai Makullin Ɗakin Gwaje-gwaje

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha tara ga watan Maris, ina tsakiyar darasi na biyu, mataimakin shugaban makaranta ya leƙo aji ya yafito ni. A bakin ƙofa ya shaida mini cewa Allah Ya yi maka rasuwa da asuba, bayan jinyar wata biyu. Na koma ciki na faɗa wa ɗalibai. Wata yarinya a kujerar gaba ta kifa kanta a kan tebur.

Baba, shekara ashirin da shida kana riƙe da makullin ɗakin gwaje-gwaje na makarantarmu. A takarda, aikinka share ɗaki, wanke kwalabe, fito da kaya kafin darasi, da mayar da su in an gama. Sunanka na yanka sai a ofis ake jin sa. Mu da yara duk Baba A-hankali muke ce maka, domin ba ka miƙa wa mutum ko da igiya ce ba tare da ka ce, "A hankali, ba ta da ta biyu." Da katakon tsofaffin kujeru ka haɗa mana gangaren da muke sakin ƙananan kura masu taya a kai. Yaron da ya ɓalle ma'auni ba ka kai ƙararsa, sai ka zaunar da shi kusa da kai ku gyara tare, kana yi masa tsiya cewa hannunsa na fasa dutse ne.

Kowa a makaranta zai iya ba da wannan shaida. Ni abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne. Akwai haƙƙinka a wuyana shekara goma sha ɗaya, ban sauke shi kana raye ba, kuma iyalinka ba su san da shi ba.

Na zo makarantar nan da sabuwar takardar digiri da girman kai daidai gwargwado. Aka ba ni fiziks na aji huɗu. Da muka kai babin ƙarfi da motsi, na zana kura a allo tana tafiya, na ja doguwar kibiya a gabanta, na ce wa yara hamsin da biyu: wannan ƙarfin hannun da ya tura ta ne, yana tare da ita, yana raguwa, in ya ƙare sai ta tsaya. Suka kwafe a littattafansu. Dokar kuwa na haddace ta tsaf, zan iya karanto ta ko daga barci aka tashe ni, amma ashe ba ta shiga kaina ba. Kai kana can bayan ɗaki kana goge tebur.

Ka jira har yara suka fita. Ka matso da tsummanka a hannu ka ce, "Malama, akwai abin da ya shige mini duhu, ki taimaka mini. Hannu ya riga ya saki kurar nan. To wa ke tura ta kuma?"

Na ba ka amsa da Turanci mai yawa. Ka gyaɗa kai, ka ɗauko gangarenka, ka shimfiɗa buhu a ƙarshensa, ka saki kura daga sama. Ta yi taƙi biyu ta tsaya. Ka janye buhun, ka sake ta daga wuri ɗaya a kan katakon tebur, ta yi nisa. Sannan ka kwantar da dogon gilashin tagar da ka daɗe kana ajiya a bayan kabad, ka ɗiga wa tayoyin mai, kurar ta wuce har sai da ka tare ta da hannu a bakin tebur.

"Gudu ɗaya ta sauko da shi duk sau ukun," ka ce. "In ƙarfin cikinta ne ke ƙarewa, ai da wuri ɗaya za ta tsaya. Ni dai a ganina ba abin da ke ƙarewa. Ƙasan ne ke riƙe ta. Amma ke kika yi karatun."

Wallahi raina ya ɓaci, kuma ya ɓaci ne don na san kai ke da gaskiya. Kwana uku ina gaishe ka a daƙile. Jarrabawa saura mako biyar, kibiyata tana cikin littafi hamsin da biyu, ni kuma ina tsoron ranar da yara za su gane sabuwar malama ba ta san abin da take koyarwa ba. A rana ta huɗu na tarar ka jera buhu da gilashi da kura a teburin gaba, ba wanda ya sa ka. Ka ce, "Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba, Malama." Na tsaya gaban aji na ce kowa ya buɗe shafin ya soke kibiyar, na koya musu ba daidai ba. Aka yi 'yar dariya, ba a mutu ba. Muka saki kura sau uku, yara da kansu suka faɗi abin da ke tsayar da ita.

Bayan shekara guda sufeto ya zo duba makaranta, ya ci karo da wannan darasin. Ya yaba ƙwarai, ya tambaye ni a gaban shugaba daga ina na samo dabarar. Kana tsaye a gefe da faranti cike da ƙarafan awo. Na buɗe baki na ce, "Na ɗan yi bincike ne." Ka wuce ka ajiye farantin, ka ci gaba da aikinka. Daga nan aka riƙa tura ni bita ina nuna wa sauran malamai, har ake kiran abin da sunana. Duk tafiyar da zan yi kai ke ɗaure mini gilashin da kwali don kada ya fashe a mota, kuma ko sau ɗaya ba ka canja mini fuska ba.

Na sha niyyar faɗa, kullum sai in ce gobe. Da na je duba ka a asibiti na tafi da maganar a bakina. Ka riga ni, ka ce kura ta huɗu tana ja hagu, a duba tayarta ta baya kafin yara su yi awo da ita. Muka yi dariya, lokacin ziyara ya ƙare, na taho da maganata.

Ran kwana uku da rasuwarka na je gidanka gaisuwa. Babbar 'yarka ta rako ni ƙofa, ta riƙe hannuna ta ce, "Mun gode, Malama. Malamai da yawa kun zo, alhali shi ba malami ba ne." Cikin girmamawa ta faɗa, haka ka bar su suka sani. Na yi mata sallama, na yi kuka a hanya har gida.

To, 'yar'uwata, ga amsar da ban ba ki ba. Babanku malami ne. Shi ya koya mini babin ƙarfi da motsi bayan na fito jami'a ban iya shi ba. Darasin da aka yaba mini nasa ne, daga buhun har gilashin. Duk ɗalibin da ya fahimci wannan babi a hannuna, da duk malamin da ya ɗauka a wurin bita ya kai ajinsa, daga babanku suka samu. Na faɗa wa shugaban makaranta, na faɗa wa ɗalibaina, yau kuma na rubuta don ku ajiye, ku karanta wa 'ya'yanku.

Baba, ka yafe mini. Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa ilimin da ka bayar ba tare da an ambaci sunanka ba ya riske ka da cikakken ladansa, domin Shi ba a ɓoye maSa komai. Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka, da 'ya'yanka biyar, da jikoki, da abokan aiki, da ɗalibanka na da da na yanzu. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya kyautata namu ƙarshen in ya zo. Amin.