Faifaina a bayan talabijin

Shekarun baya, ina zaune a gidanmu na Gwarzo bayan na gama karatun kwamfuta, na ci karo da wani horo ta intanet kan manyan kwamfutocin nan da bankuna ke aiki da su. Wanda ya ci gwajin shiga za a horar da shi, a sama masa aiki. Gwajin kuwa abu ɗaya ne: ka sa kwamfutarka ta kwaikwayi babbar na'urar, ka ƙirƙira mata faifan ƙarya, wato fayil da za ta ɗauka faifai ne na gaske, ka ɗora masa manhajar da ke tuƙa na'ura, ka tura hoton ta tashi kafin Juma'a.

Kwamfutata tsohuwa ce, ba wuri a cikinta, sai na ajiye fayil ɗin a faifan ajiyata, irin wanda ake jona wa kwamfuta daga waje da kebul. Na gama shiri tsaf, har ina yi wa madubi murmushin ma'aikaciyar banki.

Da na fara ɗorawa, abu ya tafi sumul, can sai ya ƙame, wai faifai ya ƙi karɓar rubutu. Na sake, ya mutu a daidai wurin. Na goge faifan ƙaryar na ƙirƙiri sabo, na canza masa lamba, na canza masa iri, na sauke manhajar daga farko da datar da nake lallaɓawa. Ko gezau! Na tambaya a dandalin masu gwajin, wani ya ce in je in karanta littafin bayani. Kai, da a gabana yake da ya ji abin da bai taɓa ji ba. Na zagi kwamfutar, na zagi masu wuta, har kaina na zaga. Juma'a ta zo ta wuce ban tura komai ba.

Ranar Asabar na fito falo idona a kumbure, na tarar da mutanen gida sun yi da'ira ana ta shewa. Bidiyon sunan ɗan yayana ake kallo. Ina ɗaga ido, ga faifaina yana lilo a bayan talabijin.

Na ce, "Yaya, wa ya ba ka wannan?"

Ya ce, "Ba ni? A ɗakinki na ɗauka. Ai tun wancan makon na kai shi Kabo wajen mai tura finafinai ya zuba mana bidiyon. Da farko talabijin ta ƙi karanta shi, sai ya yi masa fomatin, wato ya goge shi ya sake masa tsari. Kada ki damu, ya kwashe kayanki ya mayar miki, ko ɗaya bai ɓata ba. Kafin ki dawo daga islamiyya na ajiye miki a inda yake."

Nan take na gane. Tsarin da talabijin ɗin take karantawa ba ya ɗaukar fayil da ya wuce gig huɗu. Faifan ƙaryata kuwa ƙarami yake farawa, yana kumbura ana zuba masa kaya, da ya kai wannan iyakar sai ya shaƙe. Ni kuma ina can ina tono a cikin na'urar ƙarya, ban taɓa duba faifan gaskiyar da ke kan teburina ba, don ban san ya je yawo Kabo ya dawo ba.

Na ce, "Yaya, ka san abin da ka jawo mini? Aiki fa na rasa!"

Mahaifiyata ta daka mini tsawa. "Ke! Yayanki kike ɗaga wa murya a gaban matarsa? Kayanki ai kayansa ne. Kuma ba ga abinki nan lafiya lau yana aiki ba?"

Wallahi wannan ce ta fi ƙona mini rai. A idon kowa ba wanda ya yi laifi sai ni. Shi ya yi aro irin na gida, mai turawa ya riƙe amana, har da gyara aka yi mini kyauta. Ni aka sa na durƙusa na ba shi haƙuri.

Da la'asar na mayar da aikin kan faifan wata ƙawata. Bai ko yi tari ba, na'ura ta tashi. Na tura hoton da dogon bayani, aka amsa mini cikin ladabi cewa an rufe.

Daga baya Allah ya ba ni wani aikin, kuma ni da yayana lafiya muke. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, har yau abin yana raina. Yanzu komai nawa da makulli, a gida ana ce mini marowaciya, na amsa. Faifan na bar musu. Duk Sallah sai an jona shi, yayana ya miƙe ƙafa ya ce, "Zo ki ga yadda yake fitowa tar. Kafin in kai shi Kabo ai ba ya yin komai."