Malam Badamasi, Mai Gadin Ƙasar da Ƙanƙara ta Saki

Duk wanda ya saba shiga bas ɗin bakwai da rabi daga unguwar Pantai Dalam ta Kuala Lumpur zuwa jami'a ya san Malam Badamasi, ko bai san sunansa ba. Shi ne dogon Bahaushen nan mai furfura a gemu, da kaftani da hula, rungume da wata jibgegiyar rigar sanyi mai gashi a wuya, a garin da mutum ke fitowa daga wanka ya fara gumi tun bai sa takalmi ba. Da can a ofis yake barin rigar. Ya daina ne tun ranar da wani ɗalibi ya ara ya dawo da ita tana warin duriyan, ɗan itacen nan na ƙasar mai ɗan karen wari.

Da ya isa sai ya sauka ɗakin ƙasa, ya zura rigar, ya buɗe wata ƙofa mai kauri ya shige. Sanyin ɗakin ashirin ne ƙasa da sifili. Ya duba ma'aunin sanyi, ya rubuta a littafi, ya bi kantoci yana leƙa gwangwanaye kamar mai zagayen majinyata. Sau uku yake yin haka a rana, yau shekara goma sha shida.

Abin da ke cikin gwangwanayen kuwa ƙasa ce. Wannan shi ne abin da ya kasa fahimtar da 'yan uwansa na Haɗeja, har ya haƙura yake ce musu aikin asibiti yake. Ƙasa ce daga Antatika, can ƙarshen kudancin duniya. Tun da duniya ta fara ɗumama, tsaunukan ƙanƙarar bakin tekun can suke ja da baya, suna barin fili tsirara wanda ya yi dubban shekaru bai ga rana ba. Masana suna son sanin wa ke fara zuwa ya kama wuri. Malam Badamasi ya fi kowa iya bayaninsa, domin shi ɗan fadama ne, ya san yadda ƙasa ke yi in ruwa ya janye. Ya ce da farko ƙananan halittu ne da ido ba ya gani. Sai wani ɓawo-ɓawo ya kama duwatsu kamar makero. Sai gansakuka ta shimfiɗu, sai 'yan ƙwari su samu mafaka a cikinta. Inda kuma fengwin, tsuntsun nan mai tafiya a tsaye kamar alhajin da ya ƙoshi, ya yada zango ya zuba kashi, nan wurin ya fi saurin yin kore. Don haka rabin dukiyar da yake gadi, in za a faɗi gaskiya, taki ne.

Karatun digiri na biyu kan ƙasar noma ya kawo shi Kuala Lumpur. Aka ba shi aikin wata shida a ɗakin gwaje-gwajen, ya riƙe kafin a samu wanda ya dace. Har yau ba a samu ba. Shi kansa bai taɓa taka Antatika ba. Nasa shi ne ya shirya wa masu tafiya kaya, ya karɓi abin da suka kawo, ya adana.

A wajen shirya kayan nan ne ɗalibai suka fara tsoronsa. Doka ce kada a kai baƙon iri can, domin filin da ƙanƙara ta saki kamar sabuwar gona ce ba mai gadi, abin da ya faɗa ya kama, ya cinye 'yan gida. Wasu sukan ɗauki dokar abin cika takarda. Malam Badamasi da tsinke da buroshi yake bin kowane takalmi da kowane aljihu. Wata shekara ya tsare Farfesan sashen kansa, wani dattijo Bamale, wato ɗan ƙasar, mai fara'a, ana saura awa huɗu jirginsa ya tashi, ya zazzage masa jaka a gaban ɗalibai. Farfesa yana ta cewa ai an wanke, ya isa haka. Malam bai ɗago ba sai da ya zaƙulo ƙwayar ciyawa bakwai daga ɗinkin safa, da 'ya'yan barkono uku daga aljihun da Farfesa ke ɓoye abin taɓawa. Ya jera su a farar takarda. Sannan ya ba shi labarin kacalla, ciyawar da ta mamaye fadamarsu ta Haɗeja yana yaro, ta toshe hanyar ruwa, ta cinye gonar shinkafar mahaifinsa yana ji yana gani. Farfesa ya zauna a ƙasa ya tuɓe takalmin da ke ƙafarsa ya miƙa.

Amma abin da ya sa muka ga bai kamata mutumin nan ya tafi ba mu yi masa jinjina ba, shi ne abin da ya faru a Babbar Sallar shekara uku da suka wuce.

Kashegarin Sallah ne, jami'a a rufe, gari ya watse kowa ya tafi ƙauyensu. Malam Badamasi ya ce wa matarsa Nuriyya zai leƙa ofis ya dawo kafin ta sauke tuwo. Ta ce masa ƙasa dai ba ta gudu. Yana buɗe ƙofar ɗakin sanyin ya ji shiru, injin ya mutu. Ma'auni ya hau daga ashirin zuwa goma sha ɗaya ƙasa da sifili, kuma hawa yake. Ya kira masu gyara, aka ce sai bayan kwana uku. Ya zaga sauran sassan da ke da irin ɗakin, ko'ina kwaɗo. Ya kira Farfesa, ya same shi can jiharsu ta Kelantan yana tsakiyar rabon nama. Farfesa ya ce masa duk abin da ya ga zai yiwu ya yi, ya ba shi izini.

In ƙasar nan ta narke, halittun cikinta za su farka su hayayyafa su cakuɗe, ba ta da sauran amfani. Kuma ba abin da za a koma a sake ɗebowa ba ne. Wadda aka ɗebo shekarar da ƙanƙara ta tashi daga kanta, yau gansakuka ta rufe wurin. A cikin gwangwanayen akwai aikin shekara huɗu na Zuhra, wata ɗalibar digirin digirgir 'yar Zariya, da ta bar 'ya'ya biyu wurin mahaifiyarta ta zo karatu. Da ya kira ta, ta iso a guje ta zauna a matakala ta fashe da kuka. Ya bar ta ta yi na minti ɗaya, sannan ya ce, "Malama Zuhra, hawaye ɗumi gare shi, ba shi muke buƙata ba yanzu. Tashi ki ɗauko akwatunan ƙanƙara."

Ya kira Nuriyya ya tambaye ta gidajen mutanenmu nawa ne ke da babbar firiza a benensu. Ta ce tara, amma duk a cike suke da naman layya, ko cokali ba zai shiga ba. Ya ce to a fito da naman.

"Abban Hanan, naman Sallah za a fitar a sa me?"

"Ƙasa ce. Da ɗan taki."

Nuriyya ta yi salati ta kashe waya. Amma shekara ashirin tana tare da shi, ta san muryarsa in abu ya kai. Ta ɗauki mayafi ta bi gidajen ɗaya bayan ɗaya. Abin da ta gaya wa matan, har yau ba ta faɗa ba. Kafin motar hayar da suka kira don kwaso gwangwanayen ta yi sawu na biyu, firiza tara sun zama fanko, naman da aka yi niyyar ci har Muharram yana jibge a robobi. Tunda nama ba ya jira a zafin Kuala Lumpur, dole aka ɗora kasko a gida tara lokaci guda. Ƙamshin suya ya cika bene goma sha biyu. Maƙwabta Malawa da Indiyawa suka riƙa leƙowa, aka riƙa cika musu kwano. Mai gadin ginin ya hau ya ga ko gobara ce, ya sauko da ƙunshin nama biyu.

Kwana uku Malam Badamasi yana bin gidajen nan safe da rana da yamma, da ma'auni a hannu da littafi a hammata. Ya yi sallama, ya gaida masu gida, ya gaida firiza. Kowane gwangwani a rufe yake ruf, murfi uku, ga takarda ya manna da Hausa da Turanci cewa kada a taɓa. Abin da bai lissafa ba shi ne Hajiya Daso, wata tsohuwa da ta zo daga Kano zaman jegon 'yarta, wadda ba ta karatun boko kuma ba ta neman izinin kowa a kicin. Rana ta biyu ya shigo ya tarar da ita zaune a tabarma, gwangwani tsakanin ƙafafunta, ta cire murfi na farko tana fama da na biyu da wuƙa. Ta hango gari kore-kore ta gilashin murfin ta ce lallai kuka ce aka ɓoye mata, tana neman ta miya tun jiya.

Malam ya durƙusa a gabanta, ya miƙa hannu biyu. "Hajiya, don girman Allah. Kashin tsuntsu ne."

Ta dube shi, ta dubi gwangwanin. Ya yi mata bayani iya ƙoƙarinsa, da ƙanƙara, da teku, da jirgin ruwa da na sama. Ta saurara har ya gama, ta miƙa masa.

"Yanzu ɗan nan, tun daga ƙarshen duniya aka biya jirgi aka ɗauko kashi? Da kun faɗa ai da na taho muku da na tattabaruna daga Gwale, buhu guda kyauta."

Da aka gyara injin aka mayar da kaya, gwangwani ɗari uku da goma sha biyu suka fita, ɗari uku da goma sha biyu suka dawo, ba wanda ya narke. Zuhra ta kammala kundinta bara. Ta nuna yadda rai ke kama bakin tekun nan mataki-mataki, da yadda yake sauri yanzu fiye da da. An buga aikin a mujallar masana da sunayen mutum shida a sama. Na Malam Badamasi yana can ƙasa cikin ƙananan haruffa, a layin godiya, kuma an rubuta shi ba daidai ba. Da Zuhra ta zo tana ba shi haƙuri, sai ya ce ai ya gane shi ake nufi.

Malam, kai ne ka riƙe amanar wata ƙasa da ba ka taɓa gani ba, kamar gonar gadonka. Kai ne ɗaliban da suka zama daktoci a ƙasashe biyar suke tambaya kafin su tambayi Farfesa. Sarkin sanyin Pantai Dalam, ba ka taɓa neman a tafa maka ba, mu ma da muka zo tambayarka labarin nan cewa ka yi mu je mu rubuta na matan da suka soya nama.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki ya koma gida. Sashen ya zauna ya lissafa abin da yake yi shi kaɗai, aka ga sai an ɗauki mutum biyu, an kuma sayo na'urar da za ta riƙa aika saƙo a waya in sanyi ya ragu. Sati biyu ke nan yana koya wa mutanen biyu aiki. Na'urar ce kawai ya ce bai yarda da ita ba, don ya tambayi mai sayarwa ko ta san gidan da za ta buga wa ƙofa in abu ya ɓaci, mutumin ya hau laluben amsar a takardar na'urar.

Mun gode, Malam Badamasi. Mu kuma da muka rage, kowa ya duba wurin aikinsa, akwai irinsa a ɗakin ƙasa ko bayan wata ƙofa da ba ma buɗewa. Mu sauka mu gaishe shi tun yana nan, mu koyi rubuta sunansa daidai, in kuma an ba mu riƙon abin da ba wanda zai zo ya duba, mu riƙe shi kamar yadda ya riƙe. Allah ya kai ka gida lafiya, ya sanyaya maka duniya da lahira.