Babi Biyar

Komai na zamanmu a Kuala Lumpur zai iya goge mini, ban da ranar da surukata ta ɗaga yatsu biyar a wani shagon mayafai.

Maigidana likitan dabbobi ne, digiri na uku ya kawo mu. Aikin da malaminsa ya ɗora masa kuwa a kan 'ya'yan alade ne: me ya sa gudawa ke kashe wasu tun suna shan nono, wasu kuma a garke ɗaya ko gezau. Bawan Allah ko shafa alade bai taɓa yi ba, bayanan gadonsu yake dubawa a kwamfuta. Amma ya san in mahaifiyarsa ta ji, cewa za ta yi ya tattaro ya dawo Kano, shi kuma ko ruwa Hajiya ta hana shi sha ba zai sha ba. Don haka duk ta tambaya a waya, amsarsa ɗaya ce: dabbobi.

Sai ga Hajiya ta zo mana ganin jariri. Ran nan muna cin abinci ta tambayi babbar 'yarmu, wadda Hausarta rabi Malay ce, me Abbanta yake yi kullum a kwamfuta. Yarinya ta ce, "Babi." To a Malay, babi alade ne. Hajiya kuwa ta washe baki, ta ce Masha Allah, babi na nawa ake? Gogan naku ko kunya babu ya ce na biyar. Kuma bai yi ƙarya ba, kundinsa ya kai nan.

Ranar Asabar muka kai ta Jalan Tuanku Abdul Rahman sayen tsaraba. Mai shagon, wata dattijuwa Bamalaya mai fara'a, ta tambayi Hajiya me ɗanta yake yi a ƙasarsu. Na fassara, ban kai ga amsawa ba Hajiya ta nuna maigida, ta buɗe tafin hannu, ta ce da ƙarfi, "Babi! Babi biyar!" Matar ta dafe ƙirji tana istigfari, masu ciniki suka juyo. Hajiya ta tambayi jikarta lafiya? Ja'irar ta fassara mata tsaf, har da ƙarin cewa kwamfutar Abba cike take da hotunansu.

Muka hau tasi muka koma gida. Babban likitan namu ya zauna a ƙasa gaban Hajiya yana gumi, ni kuwa tausayinsa da dariya suna kokawa a cikina. Ya yi mata bayani cewa ƙwayar cutar sai ta sami wurin maƙalewa a hanji take yin ɓarna, wasu kuma an haife su ba su da wurin, gado ne daga iyaye. Ya ce dangin ƙwayar ne ke sa wa yara gudawa, abin da aka gano a nan wata rana zai iya amfanar mutane.

Hajiya ta daɗe tana kallon jaririn da ke cinyata. Sannan ta ce wa maigida ƙaninsa da bai yi wayon saninsa ba, gudawa ce ta ɗauke shi yana goye a bayanta. Ni ban taɓa jin labarin ba, sai da idona ya ciko.

"Ci kake yi?" ta tambaye shi.

"Wallahi a'a, Hajiya."

"To ka ƙarasa babinka. Amma ƙara ɓoye mini abu ka gani."

Har yau in ya faɗa mata damuwarsa a waya, sai ta ce wane babin, namu ko nasu? Abin da na ɗauka tun ranar shi ne, uwa ba a yanke mata hukunci kafin a tambaye ta. Shekara uku muna tsoron abin da Hajiya za ta ce, ashe ita ta fi mu sanin abin da gudawa take yi wa gida.