Ranar da Aka Ba Zalɓe Takalminsa

Talabijin ɗin Kawu ba ta da murya. Haka ya saye ta, 'yar ƙarama mai hoto baƙi da fari, da batirin mota take aiki, sifikarta kuwa ta mutu tun a hannun mai ita na farko. Kawu yayan mahaifiyata ne, tela ne a bakin kasuwar Bodinga, kuma ba mutumin da zai kai abu gyara ba ne in dai yana nuna hoto. A kan akwatin zare ya ɗora ta, kusa da keken ɗinkinsa.

Bayan la'asar tashar jiha kan sa wani tsohon katun na Turawa. Wani zalɓe ne dogo, siriri, mai takalmi a ƙafa ɗaya, ɗaya ƙafar tsirara. Kullum yana yawon neman ɗan'uwan takalmin, kullum sai ya kusa samu wani abu ya faru. Har na girma ban san sunansa na gaskiya ba. Mu dai Mai Takalmi Ɗaya muke ce masa.

Tun da akwatin ba ya magana, Kawu ne yake yi masa. Ƙafarsa tana kan keke, idonsa ɗaya a allura, ɗaya a hoto, sai ya maƙale murya ta hanci ya ce, "Jama'a, wa yaɗ ɗauki takalmina? Nan bakin masallaci nib bar shi!" Mu yara mu fashe da dariya. A bakin Kawu zalɓen nan mutumin garin Shagari ne, ya kawo albasa kasuwar Bodinga aka sace masa takalmi, ya rantse ba zai koma gida ba sai ya gano shi, don kada matarsa ta ce sayarwa ya yi ya ci tsire. In zalɓe ya faɗa rami, Kawu ya ce, "Ko a garin Lambara ba a yi min haka ba." In kare ya biyo shi, ya ce mai karen ɗan Sifawa ne, ya san gidansu. Manoman Shagari da suka zo karɓar ɗinki sukan tsaya a ƙofa su ce, "Tela, ka ji tsoron Allah, ina ka ga ɗan Shagari da wuya haka?" Amma ba sa tafiya sai an gama.

Ni kam na yarda ɗari bisa ɗari. Da aka kai ni aure Shagari, na daɗe ina satar kallon ƙafafun maza a ƙofar masallaci.

Shekaru suka ja. Idon Kawu ya yi rauni har ya daina ganin ramin allura, ya bar wa babban ɗansa shagon, ya koma zaure ya zauna. Mutumin da a da sai an roƙe shi ya yi shiru, yanzu sai ka gaishe shi ya amsa, shi ke nan. Abin yana damuna, don nakan ba 'ya'yana labarin irin barkwancinsa su dube ni kamar mai shirya ƙarya. Babbar 'yata ta taɓa ce min, "Umma, Kawun nan dai da muka sani?" Na so ƙwarai su ji muryar nan ko sau ɗaya ne, kafin mai ita ya tafi da ita.

Bara, ana saura kwanaki babbar salla, sai labari ya cika Shagari cewa an dawo da zalɓe. An sake zana shi, an yi masa fassarar Hausa, ana tura shi a waya. Kafin ka ce kwabo ya shiga kowane gida. Yara suka haddace waƙarsa, masu sayar da ƙosai suna rera ta. Sa'o'ina kuwa suka rabu biyu. Wata maƙwabciyata ta ce an yi masa ƙiba kamar agwagwar gidan mai kuɗi, ba za ta sake kallo ba. Mijina ya ce mu dai tsufa ne ke damunmu, abin ya yi kyau, har gashinsa ana iya ƙirgawa. Wani tsohon dillalin albasa, cikin masu leƙa shagon Kawu a da, ya tsaya a ƙofar gidanmu yana faɗa da gaske, wai an raba su da ɗan garinsu, yaushe ɗan Shagari ya koma Hausar Kano.

Ni na ƙi kallo. Na ce ba zan gan shi ba sai a gaban Kawu, kamar da. Da na san abin da ke ciki da na leƙa tukuna, amma zumuɗi bai bar ni ba.

Washegarin salla muka hau mota zuwa Bodinga, ni da yara. Gidan ya cika da jikoki, ana suyar nama, hayaƙi ko'ina. Bayan la'asar na sa aka fito da babbar talabijin ta ɗan Kawu tsakar gida, 'yata ta haɗa ta da waya. Na je zaure na durƙusa.

"Kawu, na zo maka da baƙo."

"Wane baƙo, ɗiyata?"

"Mutumin Shagari. Mai neman takalmi."

Na ga gefen bakinsa ya motsa. "Har yau bai tahi gida ba?"

Na kamo hannunsa, aka sa masa kujera dab da akwatin don ya ga ko inuwa ce. Ya gyara hula, ya yi gyaran murya sau biyu. Na lura ƙafarsa ta dama ta fara taka ƙasa a hankali, kamar keken yana nan. Zuciyata ta cika. Na taɓa 'yata na ce, yau za ki ji.

Zalɓe ya fito, fari fat, mai sheƙi. Kawu ya maƙale hanci ya buɗe baki, "Jama'a, wa yaɗ—" Sai zalɓen da kansa ya yi sallama da ƙarfi, da wata murya ta saurayi mai santsi, ga kiɗa a baya. Jikoki suka ɗauki waƙar baki ɗaya. Kawu ya dakata ya bar shi ya gama, don shi ba ya katse baƙo. Da ya ga kamar an sami sarari ya sake farawa, "Nan bakin masallaci—" Wata jikarsa, yarinya mai hankali ce wallahi, ba da raini ta faɗa ba, ta juyo ta ce, "Baba Tsoho, don Allah bari mu ji abin da yake cewa."

Na fizge rimot na kashe sautin, na ce kowa ya yi shiru, Kawu zai yi magana. Yara suka hau ƙunƙuni, ƙanana suka fara kuka, matar ɗansa ta leƙo daga madafa tana tambayar ko wuta ce ta ɗauke. Na daka musu tsawa fiye da yadda ya kamata a ranar salla. Aka yi tsit, duk ido ya koma kan Kawu, irin kallon da ake yi wa wanda aka tilasta wa wa'azi.

Ya matso da fuskarsa kusa da gilashin. Sabon zalɓen ba ya tsayawa wuri ɗaya. Na da yakan ɗaga ƙafa ya tsaya yana kallon sama, a nan ne Kawu yake cusa maganarsa. Wannan kuwa tsalle yake, yana juyi, bakinsa bai huta ba ko da babu sauti. Kawu ya bi shi da ido ya gaji.

"Ɗiyata, mi ag ga ƙahwatai? Ban gani da kyau."

Na duba. Sai a lokacin na lura. "Takalma ne, Kawu. Jajaye."

"Duka biyu?"

"Duka biyu."

Ya koma ya jingina. Ƙafar da ke taka ƙasa ta tsaya. "To, alhamdu lillahi," ya ce, da muryarsa ta kullum. "Ya samu abinai. Mai da musu maganar, ɗiyan ga su ji."

Na mayar. Tsakar gida ta sake ɗaukar dariya, kuma gaskiya abin akwai ban dariya, ko ɗan Kawu da ya taso a gindin keken nan har da riƙe ciki. Kawu ya zauna har aka gama don kada a ce ya yi fushi, sannan ya nemi a mai da shi zaure.

Da za mu tafi na sake durƙusawa gabansa. Na ce ya yafe min, kuma in ya yarda zan nemo tsohon, na baƙi da fari, mu kalla mu biyu. Ya yi murmushi ya dafa kaina.

"Kak ki wahal da kanki. Da can bai da baki na, shi as sa nika ara mai nawa. Yanzu ga ya yi nashi."

Na nemo tsohon kuwa, 'yata ta taya ni. Sau biyu ina kai masa Bodinga, yana cewa idonsa ba ya gani, in ajiye sai wani zuwan. Na daina tambaya. Ina jin haushin masu zanen, ina jin haushin yaran, amma na fi jin haushin rimot ɗin nan da na danna, don shi ya tara masa ido ya nuna wa kowa cewa ya kasa.

A motar komawa Shagari ran nan, yara suna ta rera waƙar zalɓe a kujerar baya. Mun wuce gonakin albasa sai 'yata ta sunkuyo kusa da kunnena, a hankali don kada ƙannenta su ji.

"Umma, kada ki damu. Na san kina yarinya ne lokacin, komai sai ya ba ki dariya."