Askin Sunan da Aka Yi wa Yaronmu a Asibiti

An yi aikin, yaronmu ya farka, har ya kama nono yana tsotso. In kun ga kuskure a rubutun nan ku yi haƙuri.

Ɗan yayana ne. An haife shi a gidanmu na Rawayau da wani ƙullutu a goshi, tsakanin ido da ido, mai laushi kamar tumatir ya nuna. Ina makaranta a Dutsin-Ma aka turo mini hotonsa, an ja mishi hula har gira. Na ce da matar Yaya, "Anti, wannan hula a zafin nan fa?" Sai ta sake turo wani ba hular. Ta ce in yana kuka abin cika yake, ya yi tauri.

Kakarmu, Hajiya, ta riga ta yanke hukunci. Ruwa ne ya taru, ranar suna wanzami zai ɗan tsaga bayan aski, shi ke nan.

Ni ma ban ɗauka da zafi ba. Sai safiyar sunan, ina ɗaurin kallabi, na nuna wa 'yar ɗakinmu mai karatun jinya hoton don ta ga kumatu. Ba ta ga kumatu ba. Ta ce ga alama ƙashin goshin ne bai haɗe ba, kuma abin da ya leƙo ta ramin zai iya zama ƙwaƙwalwa da ruwanta. Kar aska ta kusanci wurin, a kai shi asibiti.

Na kira Yaya, wayarsa a kashe. Na kira Anti, wayarta na hannun yara suna gem. Na tare ɗan acaba na ce, "Malam, Rawayau ta Kurfi za mu, yau ka nuna mini kai ɗan Kurfi ne." Ya ko nuna mini, don hijabina kamar tuta.

Na faɗa gidan na tarar Baba wanzami ya shimfiɗa kayansa, yaron na cinyar Hajiya. Ko gaisuwa ban gama ba na ɗauke shi.

Hajiya ta ce, "Ke 'yar boko, mijin nawa za ki ƙwace ranar angwancinsa?"

"Aro na yi, Hajiya. Ku ji wannan tukuna."

Na kira ƙawata mai karatun jinyar, na buɗe murya kowa ya ji. Hajiya ta ce a gidan nan ba a taɓa barin yaro da sumar haihuwa ba. Baba wanzami ya dubi Yaya, ya ce, "Ɗanka ne." Yaya ya daɗe yana kallon goshin, sannan ya ce a naɗe askar.

Muka kai shi asibitin Kurfi, aka tura mu gaba, can ma aka ƙara tura mu babban asibiti. Hoton kai ya nuna maganar ƙawata ce. Muka yi watanni ana jiran ya yi ƙwari, suma ta yi mishi tuli, Hajiya na ce mishi ango mai gizo.

Kafin a shiga da shi aiki, wata nas ta aske sumar tas. Hajiya ta miƙa hannu ta ce a ba ta kayanta, ta ƙulle a bakin zane. Yanzu an rufe ramin, sai bandeji. Likita ya ce za mu riƙa dawowa ana duba shi, mun ce ko kullum ne.

Na kira Baba wanzami na yi mishi albishir. Ya yi hamdala, ya ce, "To nas ta ƙwace mini aiki. Ki gaya wa angon aski na biyu nawa ne."

In kun ga jariri da irin wannan ƙullutu a goshi ko a ƙeya, kar a matsa, kar a tsaga, a kai shi asibiti. Don Allah ku tura wa wasu, musamman gidan da ake shirin suna.