Kiɗan Dawowar Baba

A gidanmu na Zariya sunansa kiɗan dawowar Baba. Jita ce zalla, ba waƙa, tana karkarwa kamar a cikin rijiya ake kaɗa ta, ganga na bin ta a guje. Da shi gidan rediyo ke buɗe shirin gaishe-gaishen yamma, daidai lokacin da Baba ke tasowa daga aikinsa a tashar jirgin ƙasa. Yana farawa Mama za ta ɗora ruwan wanka, ni kuma auta in shimfiɗa tabarma. Da an tambaye ni a lokacin, rantsuwa zan yi wani makaɗin Kaduna ne ya buga shi.

Bayan rasuwar Baba na ɗauko Mama ta dawo wurina a Pleasant Garden, wani ƙaramin gari a ƙasar Turawa. A nan mantuwa ta kama ta. Ta daina gane ni. In na kai mata abinci sai ta ce, "Sannu, baiwar Allah," cikin ladabin da ake yi wa baƙuwa. Wallahi gara ta zage ni.

Wata Asabar ina shanya sai na jiyo kiɗan daga garejin maƙwabcinmu, wani tsohon Bature da ba shi da aiki sai kwance injin mota. Na tafi da hannuna a jiƙe na tambaye shi. Ya ce samarin Kaliforniya ne suka yi shi tun yana yaro, don masu hawa igiyar teku a kan katako, daga baya 'yan fim da 'yan talla suka wawure shi. Shi kansa a rawar makaranta ya san shi, bai taɓa ganin teku ba sai da ya yi aure. Na ce mu namu tekun bai wuce rafin Kubanni ba. Na roƙe shi ya saka mana bayan la'asar, ya ƙure murya.

Na zaunar da Mama a baranda. Jitar na tashi ta ɗaga kai, ta shiga laluben takalminta da ƙafa. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke Auta, tsayawa kika yi kina kallona? Babanki na hanya, ina tabarma?"

Ba ni da tabarma a ƙasar nan. Na ruga na ɗauko dardumar salla na shimfiɗa, ta ce na karkata ta, kullum haka nake.

Kiɗan gajere ne. Kafin ya ƙare na leƙa ta kan shinge na yi wa tsohon alama da hannu ya sake sakawa.